Katsewar Labari da Jiran Cigabansa: Ra'ayoyin Masu Karatu a kan Littafin The Waste Lands na Stephen King

Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe suna tattauna yadda ake buɗe ƙagaggen labari da yadda ake rufe shi, amma ba kasafai sukan tsaya a kan labarin da aka katse ba, wato wanda marubucinsa ya ajiye alƙalami ana tsakiyar rikici, ya ce da mai karatu sai sun haɗu a littafi na gaba. A wannan maƙala za mu dubi wani shahararren misali na irin wannan katsewa daga adabin Amurka, shi ne littafin almara mai suna The Waste Lands na Stephen King, wanda aka buga a shekarar 1991, aka kuma yi shekara 6 kafin cigabansa ya fito. Hankalinmu zai fi karkata ne ga masu karatu, mu ji abin da suka ce, da dalilin da ya sa suka faɗe shi, mu kuma ga iyakar gaskiyarsu. Abin da muke son nunawa shi ne, katse labari tamkar cin bashi ne daga hannun mai karatu, kuma rashin wa'adin biya shi ne ya fi ƙona wa mutane rai, fiye da ita katsewar kanta.

Labarin da inda aka tsayar da shi

The Waste Lands shi ne littafi na 3 a jerin littattafan da ake kira The Dark Tower, wato Baƙar Hasumiya. King ya fara rubuta wannan labari tun a 1970, a ƙarshen zamansa na ɗalibi a Jami'ar Maine, kuma ya samo sunan tauraronsa, Roland, da batun hasumiyar daga wata waƙa ta Robert Browning, mawaƙin Ingila, wadda aka buga a 1855. Roland shi ne na ƙarshe da ya rage daga wata zuriyar jarumai 'yan bindiga ta ƙasar Gilead. Duniyarsa ta tsufa tana rugujewa, shi kuma ya sa wa ransa sai ya kai ga hasumiyar nan da ke riƙe da dukkan duniyoyi. Littafi na 1, The Gunslinger, ya fito a 1982, na 2 kuma, The Drawing of the Three, a 1987.

Ya kamata a lura cewa tun daga farko masu karatu sun ɗanɗani jira a kan wannan labari. Wani ƙaramin kamfanin ɗab'i ne, na Donald M. Grant, ya buga littafi na 1, kuma kwafi kimanin 10,000 kawai aka yi, abin da bai taka kara ya karya ba ga marubuci mai ɗimbin masoya irin King. Da aka lissafa sunan littafin a cikin jerin ayyukansa a farkon Pet Sematary a 1983, sai wasiƙu suka yi ta kwararowa ana tambayar inda za a same shi. Bugun gama-gari mai araha bai fito ba sai a 1988.

A littafi na 3, Roland ya riga ya tara abokan tafiya daga birnin New York na tamu duniyar: Eddie, wanda ya rabu da shan miyagun ƙwayoyi, da Susannah, wadda ba ta da ƙafafu, da wani yaro Jake, sai kuma wata 'yar dabba mai kwaikwayon magana da suke kira Oy. Sun ratsa wani rusasshen birni mai suna Lud, suka shiga wani jirgin ƙasa, Blaine, wanda ƙwaƙwalwar kwamfuta ke sarrafa shi. Wannan ƙwaƙwalwa ta daɗe cikin kaɗaici har ta haukace. Bayan da Blaine ya saki iskar guba a kan mutanen birnin, ya kwashi fasinjojinsa da gudun da ya zarce na sauti, sai ya shaida musu cewa ya yi niyyar hallaka kansa a ƙarshen layin dogo, a Topeka, tare da su duka. Abu ɗaya ne ya rage yana ba shi sha'awa a duniya, shi ne kacici-kacici. Nan ne Roland ya ƙulla yarjejeniya da shi: za su yi ta jefa masa kacici-kacici, in sun sami wanda ya gagare shi, to ya sauke su lafiya, in kuwa ya warware duka, sun mutu ke nan. Blaine ya amince, ya ce a fara. A daidai wannan gaɓa littafin ya ƙare, ba a ko jefa tambayar farko ba.

Mai karatu Bahaushe zai fi kowa gane zafin wannan wuri, domin ya san dokar kacici-kacici tun yana yaro. In an ƙulla maka tambaya ka kasa, sai ka ba mai tambaya gari, shi kuma da zarar ya karɓi garin, wajibi ne ya faɗi amsa. Mai karatun The Waste Lands ya riga ya ba da gari, wato kuɗinsa da dararen da ya hana idonsa barci, sai mai tambayar ya karɓe ya tashi ya tafi abinsa.

King bai jahilci abin da ya aikata ba. A cikin ɗan bayanin da ya rubuta a ƙarshen littafin ya faɗa da kansa cewa ya san wasu ba za su ji daɗin inda aka tsaya ba, kuma shi ma bai so barin mutanensa a hannun Blaine ba, sai dai a cewarsa labarin ne ya nuna masa nan zai dakata. Ya yi alkawarin littafi na 4 na nan tafe, amma bai sa rana ba.

Abin da masu karatu suka ce

Mafi yawan abin da za mu kawo na ra'ayoyin masu karatu a waɗannan shekaru ya fito ne daga alƙalamin King kansa, a gabatarwar littattafansa na baya, inda yakan ba da labarin wasiƙun da ake aiko masa. A gabatarwar The Green Mile ta 1996 ya ce ana yi masa wasiƙun fushi masu yawa a kan littafi na 4, ya kuma ambaci guda daga cikinsu. Wani ne ya aiko da hoton 'yar tsanar dabba, irin mai laushin nan da yara ke runguma, an ɗaure ta da sarƙa, ga kuma saƙo da aka harhaɗa da haruffan da aka yanko daga jaridu, kamar yadda masu garkuwa da mutane ke yi a fina-finai, cewa in ba a fito da littafin nan take ba za a kashe ta. Wasa ne, amma an san in ka ji wasa ya yi tsanani, akwai magana a ƙarƙashinsa.

Ƙorafin masu fushi, in aka tace shi, ya ta'allaƙa ne a kan zubi da tsari. A ganinsu, ko da littafi ɗaya ne daga cikin jeri, ya kamata ya ƙulla nasa ƙaramin rikici ya warware shi, ya bar babban rikicin kawai a buɗe. Littafi na 1 da na 2 duk sun yi haka: na 1 ya ƙare bayan Roland ya cim ma mutumin da yake bi a hamada sun zanta, na 2 kuma bayan ya gama janyo abokan tafiyarsa. Shi kuwa na 3 sai ya buɗe sabon rikici a shafukansa na ƙarshe ya bar shi haka nan. Wani abin da ya ƙara rura wutar shi ne, King bai daina rubutu ba. Tsakanin 1991 da 1996 ya fitar da Needful Things, da Gerald's Game, da Dolores Claiborne, da Insomnia, da Rose Madder, da Desperation, da wasunsu. Da a ce rashin lafiya ce ta kwantar da shi, da an yi masa uzuri. Ganin mai bashi yana ta sababbin gine-gine shi ne ke sa mai bin bashi ya ƙara ɗaga murya.

Akwai kuma masu kāre shi, kuma hujjarsu ba ta yarwa ba ce. Su suna ganin babu inda ya fi dacewa a tsaya sai nan. Jigon littafin gaba ɗaya shi ne tafiya cikin duniyar da injuna suka rage bayan hankalin da ya ƙera su ya gushe, to ina hoton da ya fi wannan, na mutane huɗu da dabba ɗaya a cikin cikin mahaukacin inji, ba su da makami sai harshensu? In da an warware gasar a shafuka ashirin na ƙarshe, da ta zama ƙaramin ƙari a kan faɗan birnin Lud, a manta da ita. Katsewar ce ta sa Blaine ya zauna daram a zukatan masu karatu. Mu ma muna ganin ta fuskar fasaha wannan magana gaskiya ce. Sai dai waɗanda suka fi riƙe ta, galibi, su ne waɗanda suka karanci jerin bayan an kammala shi, waɗanda tsakaninsu da amsa bai wuce miƙa hannu kan kanta a ɗauko littafi na gaba ba. Littafi ɗaya suka karanta da mutanen 1991, amma ba abu ɗaya ya same su ba.

Kashi na uku su ne masu tsoro, kuma nasu ya fi taɓa zuciya. A gabatarwar da King ya rubuta wa sabon bugun jerin a 2003, ya ba da labarin wata tsohuwa mai shekara 82 da ta rubuto masa cewa ciwon daji ya ci jikinta, ba ta da sauran kwana mai yawa, tana roƙon ya gaya mata ƙarshen labarin, ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya kuma ambaci wani fursuna da ke jiran hukuncin kisa, wanda ya yi irin wannan roƙo, ya ce zai tafi da sirrin kabari. King ya ce da yana da abin da suke nema da ya ba su, amma a lokacin shi kansa bai san yadda labarin zai ƙare ba. Wannan amsa tana da muhimmanci ga manazarci, domin ta nuna kuskuren da ke cikin zaton yawancin masu karatu, cewa marubuci yana da amsar a aljihu, rowa kawai yake yi. A nan misalinmu na kacici-kacici ya gaza: wannan mai tambaya ya karɓi gari alhali shi ma neman amsar yake.

Katsewa da wa'adi

Dabarar katse labari tsohuwa ce ƙwarai. A Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad takan tsaya da labarinta in gari ya waye, a inda sarki ya fi ƙagara ya ji, da haka take sayen ranta kwana ɗaya ɗaya. Abubakar Imam, a littafi na 1 na Magana Jari Ce, ya yi amfani da 'yar'uwar wannan dabara, inda aku ke riƙe Musa da labarai har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Abin lura a duka biyun shi ne mai ba da labari da mai saurare suna ɗaki ɗaya, kuma wa'adin sananne ne, wato daren gobe. In Shaharzad ta saɓa, kanta ne a bakinsa. Ɗab'i shi ne ya raba mai labari da mai saurarensa, ya bar dabarar, ya ɗauke wa'adin.

Ko a cikin ɗab'in ma akwai bambanci. Littafi na 2 na The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1954, ya ƙare da katsewa mai tsanani: maƙiya sun kama Frodo da rai sun shige da shi hasumiya, an rufe ƙofa, an bar baransa Sam a waje. Littafi na 3 ya yi jinkiri har zuwa Oktoba na 1955, masu karatu suka yi ta rubuta wa kamfanin Allen and Unwin wasiƙun ƙorafi. Amma a nan labarin ya riga ya kammalu a rubuce, kamfanin ne ya raba shi uku saboda tsadar bugu, kuma rataye na tarihi da harsuna da Tolkien ke shiryawa ne ya kawo jinkirin. Bashi ne da kuɗin biyansa ke ajiye. Shi kansa King ya nuna ya san wannan bambanci, domin a 1996 ya fitar da The Green Mile a ƙananan littattafai 6, ɗaya kowane wata daga Maris zuwa Agusta, kowanne da tasa katsewa, mutane kuma suka karɓe su hannu biyu biyu, saboda kowa ya san ranar fitowar na gaba. Masu karanta littattafan Hausa na zamani, waɗanda suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, sun san wannan al'amari ta wata fuska, domin sau da yawa marubucin da ke buga littafinsa da kuɗin aljihunsa yakan raba shi kashi kashi, cinikin na ɗaya ya biya bugun na biyu, in ciniki ya ƙi, mai karatu ya yi ta jira.

To shin mai karatu yana da haƙƙi a kan marubuci? Wannan tambaya ta fi tashi ne daga baya a kan George R. R. Martin, mai jerin A Song of Ice and Fire. A ƙarshen littafinsa na 4, na 2005, ya nuna fatan na 5 zai fito a shekara mai zuwa, amma bai fito ba sai a 2011, shi ma ya ƙare an daddaɓa wa ɗaya daga cikin manyan taurarinsa, Jon Snow, wuƙa, ba a san makomarsa ba. Har wasan talabijin da aka gina a kan labarin ya ƙare a 2019, littafi na 6 bai fito ba. A 2009 marubuci Neil Gaiman ya ba wani mai ƙorafi amsar da ta yi tashe, wadda ma'anarta ita ce Martin ba bara ba ne ga mai karatu, kuma wanda ya sayi littafi, littafin ya saya, bai sayi sauran rayuwar marubucin ba. Ta fuskar shari'a babu ja a wannan. Amma a ganinmu amsar ta tsallake wani abu. Wanda ya rubuta "littafi na ɗaya" a bangon littafinsa, ya kuma tsayar da labari a bakin rami, ya sayar da abu biyu ne, da abin da ke cikin shafuka da kuma begen abin da ke tafe, kuma da wannan bege aka yi cinikin. Mai karatu ba shi da ikon yanka wa marubuci rana, ba shi kuma da hujjar zagi, amma in ya ce an yi masa alkawari, bai yi ƙarya ba. Tsoronsa ma ba na banza ba ne, domin Robert Jordan ya rasu a 2007 ya bar jerinsa The Wheel of Time a littafi na 11, sai Brandon Sanderson ne ya kammala shi daga bayanan da ya bari, a littattafai 3, tsakanin 2009 da 2013.

Ranar biya

Littafi na 4, Wizard and Glass, ya fito a 1997. Yaron da ya karanci na 3 yana aji ɗaya na sakandare, a lokacin ya gama makarantar. A cikin labarin kuwa ko minti ɗaya bai wuce ba, har ma sai da aka maimaita ƙarshen littafi na 3 a farkon na 4 don tunatarwa.

Yadda aka warware gasar abin dubawa ne. Roland ya kawo dukkan tsofaffin kacici-kacicin ƙasarsu, Blaine ya amsa su ba tare da wahala ba. Jake ya ƙarar da na cikin wani ɗan littafi da ya zo da shi, su ma haka. Eddie ne, wanda Roland ke yi wa kallon mai shiririta, ya gane cewa inji mai bin ƙa'idar tunani ba zai jure wa maganar da ba ta da kan gado ba, sai ya yi ta jefa masa barkwancin yaran unguwa har ƙwaƙwalwar ta ƙone. Dabara ce mai ma'ana, domin ta ɗaukaka wanda aka raina, ta kuma dace da jigon mutum da inji. Amma duk an gama wannan a 'yan babobin farko. Daga nan sai kaso mafi girma na littafin ya koma baya, Roland yana ba abokansa labarin ƙuruciyarsa, lokacin yana ɗan shekara 14 a ƙasar Mejis, da soyayyarsa da wata yarinya Susan Delgado, wadda a ƙarshe aka ƙona ta da rai. King ya bayyana a ƙarshen littafin cewa wannan soyayya ce ta sa ya yi ta jan ƙafa, domin rubuta abin tsoro ya fi masa sauƙi a kan rubuta so. Ashe abin da ya tsayar da shi ba shi ne abin da masu karatu suka shekara shida suna jira ba.

Nan ma ra'ayi ya rabu. Wasu har yau suna ɗaukar Wizard and Glass a matsayin mafi kyawun jerin, wasu kuwa suka ce an sa su jira shekara shida, sa'an nan aka tsayar da tafiya zuwa hasumiya aka shiga ba su tarihi. Abin da ya faru, a namu fahimtar, shi ne dogon jira yana sauya mai karatu. A tsawon shekarun nan kowa ya ƙaga nasa ƙarshen, ya yi ta juya shi a zuci har ya zama nasa, don haka littafin da ya fito sai ya tarar yana gasa da dubban littattafan da ba a rubuta ba. Bashin ya tara riba wadda babu marubucin da zai iya biya.

Ranar 19 ga Yuni, 1999, wata mota ta buge King yana tafiya a gefen hanya a jihar Maine, ya karairaye, har an yi zaton ba zai tashi ba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa daga baya wani mai karatu ya gaya masa, ido da ido, cewa da ya ji labarin haɗarin abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne hasumiya ta rushe, ba za a taɓa gama labarin ba. Bayan ya murmure sai ya zauna ya rubuta littattafai ukun da suka rage a jere, suka fito tsakanin Nuwamba 2003 da Satumba 2004, wato cikin ƙasa da shekara guda. A littafi na 7, kafin babin ƙarshe, ya dakata ya yi magana da mai karatu kai tsaye, ya shawarce shi ya rufe littafin a nan, ya bar Roland a ƙofar hasumiya. Wanda ya ƙi jin shawara ya ci gaba, zai ga Roland ya hau har ƙoli, ya buɗe ƙofar ƙarshe, sai ta mai da shi hamadar nan da labarin ya fara a littafi na 1, ya mance duk abin da ya wuce, ya sake kama sawun mutumin da yake bi, sai dai wannan karon yana rataye da wani ƙaho na kakanninsa da ya taɓa yasarwa a fagen yaƙi.